Ajin Zaure: Lissafi da Kimiyya da Turanci ga Yaran da Suka Dawo daga Sudan

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Yau muka buɗe aji. Yara goma sha huɗu, tabarma uku, benci biyu na aro, sai allon da na shafa wa baƙin fenti jiya da daddare, har yanzu warinsa bai gama fita ba. Zauren na wani dattijo ne a unguwarmu, nan cikin birnin Kano. Ya ba mu shi kyauta: Talata da Laraba bayan la'asar, da kuma safiyar Asabar.

Dukkan yaran a Sudan aka haife su, kuma da Larabcin Sudan suka buɗi baki. Asalin gidajensu nan ne. Wasu kakanninsu ne suka bi hanyar hajji ta ƙasa, suka yada zango a can don neman guzuri, zango ya zama gida. Gida ɗaya kuma 'yan Mai Wurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 shi ya tarwatsa su. Akwai waɗanda suka fito ta Port Sudan a jirgi. Akwai 'yan Darfur da suka ƙetara ta Adre, suka biyo Abeshe, Injamena, Kusiri, Gamboru, Maiduguri, wato hanyar da kakanninsu suka bi, amma a juye.

Wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu daga Wad Madani ita ce sanadin aikin nan. Tana aji biyar aka rufe makarantu a can. Da aka kai ta wata makaranta a nan, aka miƙa mata takardar gwaji da Turanci, ta kasa karanta ko layi ɗaya, aka ce sai aji biyu. Na gan ta a kan ɗan benci cikin yara 'yan shekara bakwai, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Shekara goma sha shida ina koyar da lissafi a firamare, na san idon yaron da lissafi ya shige wa duhu. Ba shi na gani a fuskarta ba.

Larabcina na makarantar allo ne da littattafan zaure. In na yi magana, yaran kan dube ni kamar mai huɗubar Juma'a. Shi ya sa na nemi taimakon 'yar yayata, wadda take karatun likita a Khartum kafin a kwaso ɗalibanmu a watan Mayun 2023. Ita ce kunnena da bakina a ajin nan.

Asabar, 21 ga Satumba

Na shirya gwaji wanda babu kalma ko ɗaya a cikinsa, lambobi zalla, na kuma yi shi kashi biyu. Takarda ta farko da lambobinmu na boko. Ta biyu tambayoyin nan dai, amma 'yar yayata ta rubuta su da lambobin da yaran suka saba da su, ٠ ١ ٢ ٣ ٤ ٥ ٦ ٧ ٨ ٩, a jere daga dama zuwa hagu kamar yadda littattafansu na can suke.

Yarinyar Madani ta ci bakwai cikin ashirin a takardar farko. A ta biyu ta ci goma sha tara, har da ninkawa mai hawa biyu da doguwar rabawa. Na daɗe riƙe da takardun biyu ina kallonsu. Yarinya ɗaya, rana ɗaya, tambaya ɗaya.

Duk wanda ya taɓa neman shafi a Alƙur'ani bugun Madina ya san lambobin nan, amma ban taɓa tunanin irin tarkon da ke tsakaninsu da namu ba sai yau. Biyar ɗinsu zagaye ce, kamar sifirinmu. Sifirinsu ɗigo ne. Shidansu tana kama da bakwai ɗinmu. Saboda haka in na rubuta 10 a allo, idon yaron 15 yake gani. In na rubuta 70, ya ce 65. Wani yaro ɗan Omdurman ya karanta 1.9 a matsayin ɗari da tara, don ɗigon da ke tsakiya sifiri ne a wajensa. Bai yi kuskuren lissafi ba ko kaɗan. Abin da aka koya masa ya karanta.

Mun liƙa babban kwali a bango, kowace lamba da 'yar'uwarta a ƙasanta, da marafen kwalba adadinta a gefe. Na faɗa musu cewa Turawa da kansu "lambobin Larabawa" suke kiran waɗannan da muke rubutawa a boko, kuma da su ake rubutu a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Tushensu ɗaya, daga Indiya, suka rabu gabas da yamma. Autan ajin ya tambaya ko to me ya sa aka ɓata biyar. Na ce masa ba a ɓata ta ba, doguwar tafiya ta yi, ta canja kama.

Asabar, 5 ga Oktoba

Matsalar siffar lambobi ta kusa wucewa cikin sati biyu. Wadda ta fi ta zurfi ta fito yanzu.

In na yi shifta na ce "twenty-five", kusan rabin ajin 52 suke rubutawa. Da farko na ɗauka rashin saurare ne, sai 'yar yayata ta ce, "Kawu, ka tuna yadda Balarabe ke ƙirga." Khamsa wa ishirin: biyar da ashirin. Ƙaramar lamba ce ke fara fitowa daga baki. Yaron yana fassara abin da na faɗa zuwa Larabci a cikin kansa, biyar ta riga fitowa, hannu kuma an ce masa yanzu daga hagu ake farawa, sai ya ajiye biyar a hagu.

A nan Hausa ta yi mana rana fiye da yadda na zata. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, duk daga Larabci muka aro su, yaran suna jin su suke ganewa. Amma mu "ashirin da biyar" muke cewa, babba kafin ƙarama, daidai da tsarin Turanci. Kalmomin irin nasu, jerin irin na Bature. Yanzu muna yin ƙirga hawa uku: Larabci, Hausa, Turanci, yaro na riƙe da daurin tsinken tsintsiya goma-goma a hannun hagu, warwara a hannun dama. Sai ya ɗaga hagu tukuna kafin ya buɗe baki.

Akwai kuma batun ɓangaren da ake farawa. Tarawa ba ta damu ba, 4 + 9 da 9 + 4 duk ɗaya ne. Ɗebewa da rabawa ne ke tona asiri. Na rubuta 9 − 4, wata yarinya ta karanto daga dama, ta ce, "Ya ustaz, ba a ɗebe tara daga huɗu." Gaskiyarta. Na zana koriyar kibiya a saman allo tana nuna dama, kuma kowane yaro ya zana irinta a saman kowane shafi. Abin da ya sauƙaƙa shi ne lissafin tsaye, na jera lamba bisa lamba, iri ɗaya ne a wajenmu da wajensu: gidan ɗaya-ɗaya a dama, gidan goma a hagunsa, a ajiye ɗaya, a aro ɗaya.

"Thirteen" da "thirty" har yanzu abu ɗaya ne a kunnensu. Wannan ko yaranmu na nan suna fama da shi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mahaifin tagwayen da ke ajin ya tsaya a bakin zaure ran Laraba yana saurare. Bayan an tashi ya ja ni gefe. Mutum ne mai mutunci, tela ne a Omdurman kafin yaƙi, yanzu keken wani yake hawa a kasuwa.

"Malam," ya ce, "Larabci suna da shi a gida, ya ishe su. Turanci na kawo su su koya. In kana bari suna Larabci a nan, yaushe bakinsu zai buɗe?"

Ban ga laifinsa ba. Jarrabawar shiga ƙaramar sakandare da Turanci ake rubuta ta, littattafan da aka tsara bisa manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, da Turanci suke, kuma shi lokaci yake gani yana ƙure wa 'ya'yansa. Na kwana ina juya maganar. A ƙarshen Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, amma ko an aiwatar da ita gobe, yaran zauren nan ba su shiga lissafin ba. Harshen uwarsu ba Hausa ba ne, ba kuma Turanci ba.

Na koma wajensa da takardun gwajin 'ya'yansa guda biyu-biyu. Na ce, "Alhaji, dubi nan. Lissafin aji huɗu yana cikin kansu, da Larabci aka zuba shi. In na hana su Larabci, na rufe rumbun ke nan na jefar da makulli, sannan na ce su fara noma daga farko. Ni so nake na buɗe wa rumbun ƙofa ta biyu." Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada zuwa ƙarshen zango.

Amma maganarsa ta gyara ni, don gaskiya na yi sake, ana wuce rabin darasi ba a furta Turanci ba. Ga tsarin da muka tsayar yanzu. Minti goma na farko: abu a hannu, a tattauna da kowane harshe, har sai na tabbata an gane. Minti ashirin na tsakiya: abu ɗaya dai, amma da Turanci, da jimloli ƙalilan da na rubuta a allo wanda kowa zai maimaita yana nuna abin da yake faɗa. Sauran lokacin: rubutu da Turanci kaɗai. Kalmomi sabbi ba sa wuce biyar a rana. Kowane yaro yana da ɗan littafi mai layi uku, Larabci, Turanci, da zane. Su suke cike layin Larabcin, ba mu ba: jam'i, ɗarhu, darbu, ƙisma, wato tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Jadawalin sau kuwa sun haddace shi tun can, na bar su suna rera shi da Larabci a zuci, amsa kawai nake so da Turanci.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Manyan kalmomi ba su ne ke kayar da yaran nan ba. "Multiplication" sau ɗaya aka faɗa musu suka riƙe, don ma'anarta ɗaya ce. Ƙananan ne masu fuska biyu. Wata guda ina koya musu cewa "left" hagu ne, sai ga tambaya ta ce an ci lemo uku cikin takwas, "how many are left?" Yaro ya ƙirga waɗanda ke ɓangaren hagu na zanen. "Table" tebur ne kuma jadawali ne. "Difference" a hira bambanci ne, a lissafi umarni ne na a ɗebe. Da na tambayi bambancin 8 da 3, ɗaya daga cikin tagwaye ya ce takwas a rufe take, uku a buɗe. Na ba shi maki a zuciyata. Mun buɗe shafi na musamman a bango mai suna "masu fuska biyu".

"Odd" da "even" kuwa cikin minti biyar muka gama da su. Na ce, "Wa ya san shafa'i da wutiri?" Hannuwa duk suka tashi. Raka'a biyu, raka'a ɗaya. Azahar huɗu, magariba uku. Wanda ya rabu biyu-biyu ba saura, da wanda ya bar ɗaya a tsaye shi kaɗai.

Asabar, 7 ga Disamba

Na yi kuskure yau, kuma ina so ya zauna a rubuce.

Darasin kimiyya ne a kan iska: cewa tana cin wuri, kuma tana buɗewa in ta ji zafi. Na ɗaura balan-balan a bakin kwalba, na tsoma kwalbar cikin ruwan zafi, balan-balan ɗin ya miƙe a hankali, yara suka yi ta tafi. Sai na ba su sauran su hura da baki don su ji iskar a hannunsu. Wani ya hura ya wuce kima, ta fashe.

Zaure ne mai rufin kwano, ƙarar ta amsa. Kafin na juyo, yara huɗu suna kwance rubda-ciki a tabarma, hannu a ka. Ƙaramin yaron nan da suka fito daga Darfur ya shige ƙarƙashin benci ya ƙanƙame ƙafarsa. Ba ya kuka, ba ya motsi, idonsa a buɗe. 'Yar yayata ta kwanta a ƙasa kusa da shi tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Larabci, kusan minti ashirin, kafin ya saki bencin. Ba wanda ya yi masa dariya, ko ɗaya. Wannan shirun na sauran yaran ya fi komai taɓa ni, don ya nuna duk sun san abin.

Na san daga inda suka fito, kuma ban yi tunani ba. Na raka yaron gida da kaina na ba mahaifiyarsa haƙuri. Daga yau duk abin da zai iya yin ƙara, sai na faɗa tukuna, na nuna shi, na bar wanda yake so ya fita waje. Darasin sauti da ke cikin manhaja na ɗage shi. In lokacinsa ya yi, da zare da gwangwani za mu yi.

Asabar, 21 ga Disamba

Ƙarshen zango. Mun yi kasuwa a zaure da kuɗin gaske, saye da canji da Turanci. Wata yarinya ta ga rubutun Larabci a jikin ɗari biyar ta yi murna, ta karanta, ta kasa ganewa. Na ce ta karanta da ƙarfi. "Naira... ɗari... biyar." Ajami ne, Hausa da haruffanta. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Mahaifin tagwaye ya zo ya sayi sabulu a shagon 'ya'yansa, suka ba shi canji daidai, suka ƙirga masa da Turanci. Bai ce komai ba game da yarjejeniyarmu, amma ya tambayi ranar dawowa.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Ran Asabar labari ya zo cewa sojoji sun karɓe Wad Madani, wadda ta faɗa hannun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojojin Sudan, tun Disambar 2023. Yau ba a iya zama ba, kowa da abin da ya ji a wayar gidansu. Na bar su suka yi ta magana. Daga baya na zana taswira a allo, yarinyar Madani ta tashi ta gyara mini inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu a Khartum, ta sa ɗigo a garinsu. Kalmomin yau: "river", "north", "south", "far".

Asabar, 25 ga Janairu

Kashi-kashi. Na yi tsammanin nan za mu sha wuya, sai ya zamana nan ne suka fi yaran ajina na safe. Larabci yana da suna na musamman ga kowane kashi har zuwa ɗaya bisa goma, kuma mu ma mun aro su: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni, ushiri. Turanci ne mai rikici, don "third" na nufin na uku a layi, yana kuma nufin sulusi, "eighth" na takwas ne kuma sumuni ne, ga harafin ƙarshe da ke maƙale musu a haƙori.

Ƙananan ne suka dage cewa ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu, tunda takwas ta fi huɗu. Na kawo gurasa biyu na yanka, suka gani, amma na lura ido ne ya yarda, zuciya ba ta yarda ba. Kakar tagwaye tana zaune a bakin ƙofa tana jiran su. Yaran Haboba suke ce mata, ni Inna nake ce mata. Hausarta irin ta da ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata na da rai.

Ta ce, "Ɗan nan, ba ni su." Ta juya ga yaran da Larabci, 'yar yayata na fassara mini. In baƙi huɗu suka zo aka ajiye musu faranti ɗaya na kisra, ko kuma baƙi takwas a kan farantin nan dai, a wane zama za ka so ka kasance? Suka ce na huɗu, da ƙarfi. Ta ce to lambar ƙasa yawan hannuwan da ke cikin faranti ce.

Na rubuta a allo da Turanci: "More hands, smaller share." Sun kwafe. Na roƙi Inna ta riƙa zuwa duk Asabar, ta ce in dai akwai shayi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Don su saba da tarawa da baki, na zana gida tara, uku sau uku, na ce su zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye, a kwance, da a karkace, zai ba da 15. Sharaɗi: duk lambar da za ka gwada, sai ka faɗi jimlarta da Turanci. An yi ta gardama fiye da rabin awa, kuma da Turanci ake gardamar, karyayye amma nasu. Yaron Omdurman ne ya gano cewa dole 5 ta zauna a tsakiya.

Na ba su labarin Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina da ya yi rubutu da Larabci a kan irin waɗannan gidajen lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Mutumin ƙasar nan ne da ya tafi gabas da lissafinsa. Su kuma sun zo daga gabas da nasu. Wata uwa ta aiko tambaya da yamma, ta ga zanen a littafin ɗanta ya yi mata kama da hatimi. Na je na nuna mata yadda ake tara layukan, ta gwada da kanta, hankalinta ya kwanta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na roƙi makarantar da yarinyar Madani take su sake gwada ta, sau uku ina zuwa kafin a amince. Ta ci lissafin lambobi kusan duka. Tambayoyin labari ta samu rabi. An mayar da ita aji huɗu. Ni biyar na so, amma ban ja ba, don karatun Turancinta bai kai ba tukuna, kuma wannan gaskiya ce. Ta shigo zaure yau da sabon littafi ta ajiye a gabana ba ta ce komai ba.

Yara uku ba su motsa yadda nake so ba. Ƙananan ne, waɗanda yaƙi ya same su kafin su iya karatu ko da Larabci. Su ba su da rumbun da zan buɗe wa ƙofa. Da su sai an fara daga shuka. Na ware su rukuni daban, 'yar yayata ta ɗauke su. Da na yi haka tun Oktoba, da sun fi haka.

Za mu tsaya sai bayan salla.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafin bana ya ba mu darasi mafi daɗi tun da muka fara. Maudu'in shi ne halayen abu uku, daskararre, mai ruwa-ruwa, da mai kama da iska, da yadda ruwa ke sauyawa tsakaninsu.

Na shigo da tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Tun ina bakin ƙofa yara suka ɗauki ihu: "Zir! Zir!" Sunan randa ke nan a wajensu, ba gidan da babu ita a can, har a bakin hanya ana ajiyewa don masu wucewa su sha. Muka sa ƙaramar cikin babbar, muka cike tsakaninsu da yashi, muka jiƙa yashin sharkaf, muka zuba tumatir da alayyafo a ciki, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wani tumatirin muka bar shi a kwano a gefe. Wannan dabara Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jigawa, shi ya yaɗa ta a ƙauyukanmu har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, daga baya aka ɗauke ta a Darfur, inda ake kiran ta da sunan zir ɗin nan dai. Da na faɗi haka, ƙaramin yaron Darfur, wanda tun ranar balan-balan bai cika magana ba, ya ce ya taɓa ganin irinta wajen mai sayar da kayan miya.

Tambayata ita ce: me ke sanyaya ruwan randa? Suka ce ƙasa ce mai sanyi. Na ce kowa ya jiƙa bayan hannunsa ɗaya ya bar ɗayan a bushe, ya yi fifita a kan duka biyun. Wanne ya fi sanyi? Ina ruwan ya tafi? Yarinyar Madani ta ce, "Tabakhkhur," ta tuna daga aji huɗu na can. 'Yar yayata ta ƙara da cewa tushen kalmar ɗaya da bakhur, turaren wuta, abin da ke tashi sama ya bi iska. Daga nan na ba su "evaporation". Jikin tukunya yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, in zai tashi ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga tukunyar ya tafi da shi. Shi ya sa dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta bazara, ta yi rauni da damina, lokacin da iska ta riga ta ƙoshi da laima. Gumin jikinmu ma aikin da yake yi ke nan.

Na aro ma'aunin zafi. Kowace ranar aji yara biyu za su auna ciki da waje, su rubuta a jadawali, su faɗi bambancin da cikakkiyar jimlar Turanci. Ga "table", ga "difference", masu fuska biyu sun dawo, kuma ba wanda ya faɗa tarkonsu.

Mun kuma tafasa ruwa a kan risho, bayan na gargaɗe su cewa murfi zai yi ƙara. Littafi ya ce ruwa na tafasa a digiri 100. Ma'auninmu ya tsaya wajen 98. Ɗaya daga cikin tagwaye ya ce, da Turanci, ba tare da an tambaye shi ba, "Ustaz, the book is wrong." Na bayyana masa cewa 100 ɗin na bakin teku ne, Kano tana sama da teku da kusan mita ɗari biyar, nauyin iska a kan ruwan ya ragu, sai ya tafasa da wuri. Na rubuta jimlarsa a littafina da kwanan wata. Ita ce ta farko da wani ya ƙirƙira da kansa don ya yi musu da ni.

Asabar, 10 ga Mayu

Tun da sojoji suka karɓe Khartum a ƙarshen Maris ake ta maganar komawa a gidajen yaran. Gida biyu sun ce sai sun ga yadda damina ta kama. Gida ɗaya sun fara haɗa kaya. In yaro ya koma, zai tarar da allo da ake farawa daga dama, da biyar mai zagaye, kuma ba na so na zama sanadin da za a sake zaunar da shi cikin ƙanana. Yarinyar Madani ce ta fara kawo maganar: ta ce jiya ta zo rubuta shida irin tasu, hannunta ya tsaya. Saboda haka daga wannan satin, duk Laraba, aikin gida zai zama da lambobin biyu, shafi na hagu da shafi na dama, 'yar yayata za ta duba na daman.

Yanzu muna goma sha bakwai, an kawo uku sabbi daga wata unguwa. Ran Talata zan yi musu gwajin takarda biyu kamar na farko. Ana bukatar benci ɗaya ƙari, da alli, kuma fentin allo ya fara ɓarewa ta gefen da koriyar kibiya take. Rukunin ƙanana sun kai harafin "m". Darasin sauti, da zare da gwangwani, na sa shi ran 24 ga wata, kuma yaron Darfur ya ce shi zai huda gwangwanayen.